Kiɗa a Matsayin Magani: Daga Garaya Zuwa Takardar Shaida

Manazarta sun daɗe suna kallon kiɗan bori ta fuskar addini ko ta nishaɗi. Wannan maƙala za ta dube shi a matsayin sana'ar warkarwa, ta kwatanta tarihinsa da na warkarwa ta hanyar zane da kiɗa a Turai da Amurka.

A Ingila, wani mai zane, Adrian Hill, shi ne ya raɗa wa warkarwa da zane suna a 1942, bayan ya yi jinyar tarin fuka, ya ga yadda zane ya rage masa ƙuncin zaman asibiti. Masu wannan aiki sun kafa ƙungiya a Birtaniya a 1964, na Amurka suka yi tasu a 1969. Masu warkarwa da kiɗa kuwa tun 1950 suka haɗa kai a Amurka. Kafin ƙarni na 20 ya ƙare, hukumar Birtaniya ta fara yi musu rajista cikin ma'aikatan lafiya. Ke nan abubuwa uku suka mai da aikin sana'a: horo, da shugabanci mai ƙa'ida, da amincewar hukuma.

A ƙasar Hausa biyu daga cikin ukun sun samu tun da daɗewa. Mai garaya ko goge yakan shafe shekaru a hannun ubangidansa yana koyon taken kowace iska. Sarkin Bori da Magajiya su ke tsara girka, inda ake killace majinyaci kwanaki ana haɗa masa kiɗa da tsime-tsime, ya fito ya sami jama'ar da za ta riƙe shi. Na ukun ne ya faskara. Tun jihadin 1804 malamai da masu mulki suka ƙyamaci bori saboda aƙidar da ke tattare da shi, asibitin Turawa kuma da ya zo bai sa kiɗa cikin lissafinsa ba. Don haka aikin ya fi ƙarfi a karkara, kamar yankin Malumfashi inda Karfi take. A can ne Murray Last ya yi bincike cikin Maguzawa a farkon shekarun 1970, ya tarar majinyata suna kai-komo tsakanin asibiti da malami da boka.

An taɓa gwada kusanto da ɓangarorin biyu a Nijeriya. A 1954 Dokta Adeoye Lambo ya fara zaunar da masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, Abeokuta, yana aiki tare da masu maganin gargajiya.

Abin da ya rage ga masana Hausa shi ne rarrabe aƙidar bori da hikimar makaɗinsa, wato sanin sautin da ke tayar da zuciya da wanda ke kwantar da ita. Wannan sani yana kawunan tsofaffin makaɗa, kuma duk wanda ya rasu ba a ɗauki maganarsa ba, da nasa kason yake tafiya.