Gidan Haya Mai Ƙofa Ɗaya

Wani maƙwabcinmu a Malikanchi ya sa kyamara a shagonsa na hatsi don ya riƙa leƙawa ta waya daga kasuwar Makarfi. Abu ya ƙi. Kyamarar lafiya lau take, matsalar ta girme ta.

A 1981 aka tsara IPv4, mai adireshi kusan biliyan 4.3. Amurka ta kwashi kaso mafi tsoka, Afirka kuwa sai 2005 aka amince da hukumar rabonta, AFRINIC. Ranar 3 ga Fabrairu, 2011, rumbun IANA ya ƙare. Shi ya sa kamfanonin waya ke cusa jama'a bayan adireshi guda: kai kana iya fita, amma baƙo bai san ɗakinka ba.

Mafita ita ce rami. Ka yi hayar tsayayyen adireshi a wata saba, na'urarka ta haƙa hanya zuwa can, baƙinka su biyo ta ciki. Dabarar ba sabuwa ba ce, da ita aka gwada IPv6 a 6bone tun 1996. Sai dai hayar yawanci da dala ake biya, kuma idan sabar tana Turai, hoton buhunan masara sai ya zaga can kafin ya iso Makarfi.