Dara (wasa)

Dara wasa ne na gargajiya da mutum biyu suke yi a faɗin ƙasar Hausa, har da Guri da sauran garuruwan fadamar kogin Haɗeja a jihar Jigawa. Zabarmawan Nijar suna kiransa dili.

Yadda ake yi

Ana haƙa gurabu 30 a ƙasa, layi biyar masu gurbi shida-shida. Kowane ɗan wasa yana riƙe da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan guntayen kara. Da farko ana dasa su bi da bi, kuma ba a yarda a jera uku a lokacin dasawa ba. Daga nan sai a riƙa gusa ɗa ɗaya zuwa gurbin da ke kusa, gaba, baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa ɗaya. Jerin huɗu ba ya ci. Wanda 'ya'yansa suka ragu zuwa biyu an cinye shi.

Amfaninsa ga yara

Yara kan koya ne ta kallon manya a inuwar bishiya, musamman da rani. Wasan yana koyar da lissafi, jiran layi da jure shan kaye, amma babban darasinsa hangen nesa ne: mummunar dasawa ba ta gyaruwa cikin sauƙi. Lido da kartar Whot, wadda aka ƙirƙira a Ingila a 1935, sun shigo daga baya, sai dai iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da karta saboda caca.