Taron Ibadan na 1953: Mafarin ɗakunan karatu na jama'a a Najeriya da birnin da ya karɓi baƙuncinsa

Daga ranar 27 ga Yuli zuwa 21 ga Agustan 1953, hukumar UNESCO ta tara ma'aikatan ɗakunan karatu da masana ilimi daga sassan Afirka da wajenta a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, domin tattauna yadda za a kai littafi hannun talaka. Masu nazarin tarihin wannan fanni na ɗaukar taron a matsayin tushen da aka ɗora tsarin ɗakunan karatu na jama'a a Afirka ta Yamma.

Abin da aka tattauna

An kasa mahalarta gida uku. Kashi na farko ya duba yadda za a tsara ɗakunan karatu a matakin ƙasa ko yanki, na biyu ya duba samar da littattafai da kayan gani da saurare, na uku kuma horar da ma'aikata. Babbar matsayar da aka cim ma ita ce, ɗakin karatu na jama'a nauyi ne a wuyan hukuma, don haka sai an kafa shi da doka, an kuma ware masa kuɗi daga baitulmali. An kuma jaddada buƙatar abin karantawa cikin harsunan gida ga waɗanda suka koyi karatu da girmansu.

Wannan batu ya zo daidai da halin da Arewa ke ciki, lokacin da ake gangamin Yaƙi da Jahilci. A 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya, wadda ta wallafa littattafan Hausa masu yawa kafin a rufe ta a 1959.

Abin da ya biyo baya

A 1954 aka ƙaddamar da Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Afirka ta Yamma, inda John Harris, shugaban ɗakin karatun kwalejin Ibadan, ya zama shugabanta na farko. Daga cikinta ne Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Najeriya ta fito a 1962. Jihar Gabas ce ta fara amsa kiran kafa doka a 1955, sannan Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta zo a 1964. Ta fuskar horo, Ibadan ta riga buɗe makarantar koyar da aikin, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta buɗe nata sashen a 1968.

Wuraren gani a Ibadan

Baƙin 1953 sun tarar da birni mai tsaunuka. A kan tsaunin Mapo akwai zauren taro na Mapo Hall da aka kammala a 1929, a Oke-Are kuma akwai Hasumiyar Bower ta 1936, inda mai hawa ke hango jajayen rufin kwanon tsohon gari ta ko'ina. Daga baya aka samu gidan talabijin na WNTV a 1959, da dogon benen Cocoa House a 1965, wanda aka gina da arzikin koko.

Mai son littafi kuwa, zangonsa shi ne ɗakin karatu na Kenneth Dike da ke jami'ar, wadda aka kafa a 1948. Tun cikin shekarun 1950 ake tara rubuce-rubucen hannu na Larabci a can, ciki har da ayyukan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Bahaushe ba baƙo ba ne a birnin. An keɓe unguwar Sabo ga Hausawa a 1916, 'yan shekaru bayan layin dogo ya isa Kano a 1911. Fataucin goro zuwa Arewa da na shanu zuwa Kudu ne suka raya unguwar, wadda ke da sarkinta da masallatanta har yau.

Ma'aunin da taron ya bari

Fiye da shekara 70 bayan taron, ma'aunin da ya kafa na nan daram: doka, kasafi, ƙwararren ma'aikaci, da littafi cikin harshen mai karatu. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44, kuma babban ɗakin karatunta na Murtala Muhammad yana cikin birni. Ga ɗalibin da ke Ajingi ko Gaya, abin dubawa shi ne ko akwai ɗakin karatu a kusa da shi, ko ana buɗe shi kullum, da kuma shekarar da aka sayo masa sabon littafi na ƙarshe.