Injin da ake kashewa da gangan

A nan Bune ba kasafai muke ganin jirgin sama ba, sai dai farin layin da yake bari can sama idan ya wuce. Duk da haka akwai wani tarihi na matuƙan jirgi da nake ganin ya shafe mu, mu malaman lakwal da iyayen yara: yadda suka koyi abin da za su yi idan inji ya mutu a daidai lokacin tashi.

A ranar 6 ga Maris 2003, jirgin Air Algérie ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Tamanrasset, garin da ƴan ci-raninmu suka sani sarai. Tayoyinsa na barin ƙasa injin hagu ya lalace. Irin wannan jirgi an ƙera shi ne yadda inji ɗaya zai iya ɗaga shi. Amma kyaftin ya karɓe tuƙi daga hannun mataimakiyarsa a tsakiyar ruɗani, ba a naɗe tayoyi ba, gudu ya ragu, jirgin ya faɗo. Cikin mutum 103 ɗaya kaɗai ya tsira. Masu bincike sun gano cewa matuƙan ba su shirya wa irin wannan matsala yadda ya kamata ba kafin su tashi. Wata goma kafin nan, ranar 4 ga Mayu 2002, wani jirgi ya zarce ƙarshen titin tashi a Kano, injunansa suka shaƙi ƙura, ya faɗa unguwar Gwammaja, mutum fiye da 100 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

Me ya kamata matuƙi ya yi? Tun kafin a motsa ake lissafa wani mizanin gudu da ake kira V1. Idan inji ya mutu kafin a kai shi, a taka birki a tsaya. Idan an wuce shi, titin da ya rage ba zai isa tsayawa ba, dole a tashi. Injin da ke raye zai karkata hancin jirgi zuwa ɓangaren da ya mutu, sai matuƙi ya danna fedar ƙafa ya miƙar da shi, a naɗe tayoyi, a riƙe gudun da aka ƙayyade. Ba a taɓa makunnin inji sai an yi sama, kuma sai su biyun sun tabbatar wanne ne ya mutu. Wannan sharaɗi ba wasa ba ne: a 2015 a Taiwan wani matuƙi ya kashe injin mai lafiya, mutum 43 suka mutu. Duka wannan cikin ƴan daƙiƙoƙi ne, babu lokacin buɗe littafi.

To a ina ake koyonsa? A da, malami kan rage wa inji wuta a jirgi na gaske domin ya gwada ɗalibi, kuma an yi asarar rayuka a wannan atisaye. Mafita ta samo asali daga wani Ba'amurke, Edwin Link, wanda mahaifinsa ke da masana'antar kayan kiɗa masu aiki da iska. A 1929 ya haɗa wani akwati mai kujera da sitiyari, zugazugai na juya shi kamar jirgi. Da farko an ɗauke shi abin wasa. Sai a 1934, bayan matuƙan soja da dama sun mutu wajen jigilar wasiƙu cikin mummunan yanayi, sojan Amurka suka sayi guda shida. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000. Jikokin wannan akwati su ne na'urorin kwaikwayon tuƙi na yau masu aiki da kwamfuta. Matuƙin da ya shekara talatin yana aiki ma yakan koma cikinsu, galibi duk wata shida, a kashe masa inji a daidai V1. In ya faɗi, a sake kunnawa ya maimaita, har hannu da ƙafa su riga tsoro motsawa.

Mu ma muna da namu lokacin da babu damar tunani. A Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara kimanin 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar aka sake yin irinta a Maradi, aka rasa fiye da 20. Wutar zana ba ta ba mutum minti biyar. Lakwal nawa ne a jihar Damagaram yara suka taɓa gwada fita daga aji cikin tsari, ko sau ɗaya?

Gina aji na siminti aikin hukuma ne, kuma mu ci gaba da nema. Amma atisaye ba ya cin ko dala. A zaɓi alama ɗaya, usur ko ƙarfen da ake bugawa. Kowane yaro ya san ta ina zai fita da bishiyar da za a taru, a bar jaka da allo, manya su riƙe hannun ƙanana, mushe ya fito ƙarshe ya kira suna. A yi sau ɗaya kowane zango, wata rana ba sanarwa. Ranar farko za a yi turereniya da dariya, kada a doki kowa, a sake. Iyaye kuma, a taron lakwal na gaba, ku tambayi darakta yaushe aka yi na ƙarshe.