Kariyar Doka ga Jami'an Jin Daɗin Jama'a na Gwamnati a Nijeriya: Nazarin Giɓin da ke Tsakanin Nauyin Aiki da Haƙƙi

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci dokokin da suka shafi jami'an jin daɗin jama'a da ke aiki a ƙarƙashin gwamnati a Nijeriya. Hujjarta ita ce doka ta ɗora wa jami'in aikin shiga gidaje da kotuna da gidajen kangararrun yara, amma kariyar da ta ba shi ta ma'aikacin da ke zaune a ofis ce, kuma kaɗan ɗin da ta dace da aikin nasa ta rataya ne a kan kuɗin da jihohi ba su cika biya ba.

Nauyin aiki da kariyar da ke akwai

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da Dokar Hana Cin Zarafi ta 2015, da takwarorinsu da jihohi irin su Kaduna suka kafa a 2018, duk sun dogara ne ga jami'in da zai binciki gida, ya rubuta wa kotu rahoto, ya ɗauke yaro daga hannun mai cutar da shi idan ta kama. A watan Satumba na 2019, da 'yan sanda suka kuɓutar da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a ta jihar ce ta karɓi ɗawainiyarsu da neman iyayensu. Haka ya faru a 2020, lokacin da jihohin Arewa suka yi ta mayar da almajirai garuruwansu ana tsakiyar annobar korona. Aiki ne da ke haɗa mutum da fushin dangi, da cuta, da ganin raunukan da ba sa fita daga zuciya.

Idan aka duba abin da doka ta tanadar wa mai wannan aiki, farkon abin da za a tarar shi ne Dokar Ƙwadago ba ta san da shi ba, domin sashe na 91 ya cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa daga ma'anar ma'aikaci. Dokar da ta kafa Majalisar Kula da Aikin Jin Daɗin Jama'a, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 bayan ya ƙi amincewa da ƙudurinta a 2018, ci gaba ce ta fuskar martabar sana'a, sai dai manufarta rajista ce da ƙa'idar horo da ladabtarwa. Wato tana kare jama'a daga baragurbin jami'i, ba ta kare jami'i daga haɗarin aiki. Dokar da ta fi dacewa da shi ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta shafi ma'aikatan tarayya da jiha da ƙaramar hukuma, ta kuma amince a sashe na 8 cewa damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya haifar abin biyan diyya ce. Wannan tanadi kamar don shi aka yi. Amma tsarin yana tafiya ne da kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da mai ɗaukar aiki zai zuba wa asusun diyya na NSITF, kuma asusun ya sha kokawa cewa jihohi da dama ba sa zubawa. Tunda mafi yawan waɗannan jami'ai na jiha ne da ƙananan hukumomi, haƙƙin ya tsaya a takarda.

Ƙorafe-ƙorafe da amsoshinsu

Za a iya cewa jami'in ma'aikacin gwamnati ne, kuma ya fi na kamfani tsaro. Gaskiya ne. Tun shari'ar Shitta-Bey ta 1981 Kotun Ƙoli ta tabbatar ba a korar wanda doka ta kafa aikinsa sai an bi ƙa'ida, kuma sashe na 210 na Kundin Tsarin Mulki ya kare fanshon ma'aikacin jiha. To amma waɗannan suna kare kujerarsa ne da tsufansa. Ba su ce komai a kan ranar da aka aike shi shi kaɗai, a kan acaɓa da kuɗin aljihunsa, ya je karɓo yarinya daga gidan da ba a maraba da shi ba. Dokar Final Kod tana hukunta wanda ya far wa jami'in gwamnati, amma sai bayan an far masa. Ba ta wajabta wa ma'aikata ba shi abokin tafiya ko mota ko rakiyar ɗan sanda ba.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: ƙara wa jami'i kariya na iya zama lasisin kutsawa cikin gidajen talakawa, a ƙasar da iyali ke da alfarma a addini da al'ada. Wannan tsoro yana da tushe, kuma bai kamata a raina shi ba. Sai dai kariyar da ake nema ba ta ƙin amsa tuhuma ba ce. Ko Dokar Kare Jami'an Gwamnati, wadda ta taƙaita lokacin kai ƙara zuwa wata uku, kotuna sun ce ba ta rufe wanda ya yi aiki da mugun nufi ko ya ƙetare huruminsa. Jami'in da ya san idan an ji masa rauni za a yi jinyarsa, idan an kai shi kotu kan rahoton gaskiya ma'aikatarsa za ta tsaya masa, shi ne zai rubuta abin da ya gani. Wanda ba shi da wannan tabbaci zai kau da kai, ya ce a je a sasanta a gida, kuma yaron ne zai biya kuɗin wannan shirun.

Batun rashin kuɗi kuwa bai da ƙarfi, domin naira ɗaya cikin kowace ɗari ta albashi ake magana.

Akwai kuma ƙofar da ba a cika lura da ita ba. A watan Nuwamba na 2022 Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki nauyin rigakafin cin zarafi, har wanda ke zuwa daga mutanen waje da kuma lokacin tafiyar aiki. Sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon aiki da yarjejeniyoyin ƙwadago da ƙasa ta amince da su. Saboda haka ƙungiyoyin ƙwadago na jihohi suna da hurumin neman kotu ta tilasta wa gwamnatocinsu rajistar waɗannan jami'ai a asusun diyya, da rubuta ƙa'idar fita aiki da ta hana aika jami'i shi kaɗai gidan da ake da rahoton tashin hankali. Ba sai an jira Majalisar Tarayya ta yi sabuwar doka ba kafin a shigar da wannan ƙara.