Inda tsofaffin jiragen yaƙin Najeriya suke a yau, da yadda ake bin sawunsu

Daga 1967 zuwa yau, Rundunar Sojin Saman Najeriya ta yi aiki da jiragen yaƙi iri-iri, kuma da dama daga cikinsu an daɗe da daina tashi da su. Uku ne suka fi shahara: MiG-17 da MiG-21 na Tarayyar Sobiyet, da kuma Jaguar na haɗin gwiwar Birtaniya da Faransa. Kaɗan daga cikinsu sun samu matsuguni a gidan tarihi ko a ƙofar sansani, sauran kuwa suna kwance a fili, rana da ruwan sama na cin su. Jirgin da ba a rubuta lambarsa da wurin da yake ba, da wuya a sake jin ɗuriyarsa.

MiG-17 da Yaƙin Basasa

An kafa rundunar ne a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma. Lokacin da Yaƙin Basasa ya ɓarke a Yulin 1967, ba ta da jirgin yaƙi na zamani ko ɗaya. Da Birtaniya da Amurka suka ƙi sayar mata da irin waɗannan jirage, sai gwamnatin Yakubu Gowon ta juya ga Mosko.

A watan Agustan 1967 manyan jiragen dakon kaya na Sobiyet suka sauke jiragen MiG-17 gunduwa-gunduwa a filin jirgin sama na Kano, inda aka harhaɗa su. A lokacin ne kuma aka samo jiragen L-29 ƙirar Chekoslobakiya, daga baya aka ƙara da masu jefa bama-bamai samfurin Il-28. Matuƙa daga Masar na cikin waɗanda suka fara tuƙa su kafin 'yan ƙasa su karɓa.

Wurin da ya fi sauƙin ganin jiragen wancan zamani shi ne Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia a Jihar Abiya, wanda aka aza harsashinsa a 1985. Akwai MiG-17 da Il-28 na ɓangaren tarayya a harabarsa, kusa da ƙaramin jirgin nan ƙirar Suwidin, MFI-9, irin wanda Biyafara ta ɗaura wa rokoki ta kai hare-hare da shi a 1969. Gidan yana ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa.

MiG-21 da Jaguar

Daga 1975, lokacin da kuɗin man fetur ke shigowa, Najeriya ta karɓi jiragen MiG-21 guda 31, wato 25 masu kujera ɗaya da 6 masu kujera biyu na horar da matuƙa. An ƙaro wasu na sabon samfuri a 1984. Wannan jirgi yana iya ninka saurin sauti sau biyu, kuma an ƙera fiye da 10,000 irinsa a duniya. Makurɗi da Maiduguri na cikin sansanonin da ya zauna.

Jaguar kuwa guda 18 aka saya, 13 masu kujera ɗaya da 5 masu kujera biyu, suka fara isowa a 1984 aka girke su a Makurɗi. Ba su cika shekara goma suna aiki ba aka ajiye su a farkon shekarun 1990. Faɗuwar farashin mai, karyewar darajar naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, da tsadar kayayyakin gyara su ne suka durƙusar da su. Irin waɗannan matsaloli ne suka ci MiG-21, sannan takunkumin makamai da Tarayyar Turai ta ƙaƙaba wa Najeriya a 1995 ya ƙara toshe hanyar farfaɗo da Jaguar. Daga baya an sa ragowar jiragen a kasuwa.

Ajiye jirgi a fili na da haɗarinsa. A ranar 2 ga Disamba, 2013, mayaƙan Boko Haram sun kai hari sansanin sojin sama na Maiduguri, kuma hukumomin tsaro sun bayyana cewa an lalata jirage masu saukar ungulu biyu da wasu jirage uku da aka riga aka daina aiki da su. Ko ba a kai hari ba, ƙurar hunturu da ruwan damina da zafin rana suna cinye fenti, su busar da tayoyi, su dusashe gilashin ɗakin matuƙi. Sauran kuma 'yan gwangwan ne ke jiran sa, domin jikin jirgi kusan duk alminiyom ne.

Jiragen yaƙin sojin ruwa

Rundunar Sojin Ruwan Najeriya ba ta taɓa mallakar irin waɗannan jirage ba. Sashenta na sama, mai sansani a Ojo da ke Legas, da jirage masu saukar ungulu yake aiki. Sai dai Jaguar na da ɗan'uwa na ruwa: Faransa ta ƙera samfuri guda mai suna Jaguar M, ta gwada shi a kan jirgin ruwa mai ɗaukar jirage, Clemenceau, sannan ta soke shirin a 1973. Wannan jirgi ɗaya tilo yana nan a gidan tarihin jiragen sojin ruwa da ke Rochefort.

Labarin F-14 Tomcat na sojin ruwan Amurka ya nuna yadda siyasa ke yanke wa tsohon jirgi hukunci. An ƙera guda 712, aka yi masa ritaya a Satumban 2006. Saboda Iran ta karɓi 79 a zamanin Shah kuma tana neman kayayyakin gyara, sai Amurka ta niƙa da yawa daga cikin waɗanda ta ajiye a hamadar Arizona. Waɗanda suka tsira su ne aka bai wa gidajen tarihi, kamar na jiragen sojin ruwa da ke Pensacola a Jihar Florida.

Yadda ake bin sawu

Kowane jirgin soja na da lambobi biyu. Ta farko ita ce wadda rundunar ke rubutawa a jikinsa. A Najeriya tana farawa da haruffan NAF. Ta biyu ita ce lambar masana'anta, wadda ake bugawa a ɗan farantin ƙarfe a cikin jirgin, galibi a ramin taya ko ɗakin matuƙi. Ta biyun ce abin dogaro, domin idan aka sake wa jirgi fenti don a kafa shi a ƙofar sansani, ana iya ba shi wata lamba dabam, ko a haɗa fiffiken wani da gangar jikin wani.

Masu bincike kan gwada waɗannan lambobi da takardun masana'anta, littafin tashi da saukar matuƙa, tsofaffin hotuna, da hotunan tauraron ɗan'adam. Daga sama ana gane MiG-21 da fiffikensa mai kusurwa uku. Sai dai jirgin F-7 na Sin, wanda Najeriya ta karɓi guda 15 wajen 2010, daga MiG-21 aka samo shi, don haka yana iya rikita mai duba. Sansanonin soja wurare ne na tsaro; shiga ko ɗaukar hoto sai da izinin rundunar.

Abin da ya shafi Adamawa

Jihar Adamawa na da rabo a wannan tarihi. Marigayi Ibrahim Alfa, haifaffen Garkida, shi ne Babban Hafsan Sojin Sama daga 1984 zuwa 1990, shekarun da Jaguar ke tashi. Marigayi Alex Badeh, ɗan Vimtim a Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa, ya riƙe wannan muƙami daga 2012 zuwa 2014.

Lokacin da Boko Haram ta mamaye Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, har mazauna unguwanni irin su Kolere, Lokuwa da Sabon Layi suka yi gudun hijira, jiragen Alpha Jet da ke tashi daga Yola na cikin waɗanda ake yaƙin yankin da su, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. Ɗaya daga cikinsu ya ɓace da matuƙa biyu a ranar 12 ga Satumba na shekarar.

Alpha Jet ya zo Najeriya a farkon shekarun 1980, ya yi aiki da dakarun ECOMOG a Laberiya da Saliyo, kuma yanzu ya haura shekara 40. Da zuwan JF-17 da Super Tucano a 2021, ranar ritayarsa na ƙaratowa. Abin da za a yanke a kansa a lokacin, na rubuta lambobinsa da ware wasu don gidan tarihi, shi zai nuna ko 'ya'yan Mubi za su iya ganin jirgin da ya yi shawagi a kan garinsu a 2014.