Kashin kaji da takin dabbobi a lambun gida: yadda ake amfani da su ba tare da an ɗauko cuta ba

Tun da farashin takin zamani ya yi tashin gwauron zabo a shekarun 2021 da 2022, masu ƙaramin lambu a bayan gida suka ƙara komawa ga abin da kakanni suka sani, wato kashin kaji da na tumaki da awaki da shanu. Daga Maroua zuwa N'Djamena, daga Zangon Kumasi zuwa unguwar Briqueterie ta Yaoundé, da wuya a rasa gidan da ake kiwon kaji ko 'yan awaki, kuma da yawa cikin gidajen nan akwai 'yan fangula na salati da alayyafo, ko tumatir a cikin buhu. Takin yana gyara ƙasa fiye da yadda na zamani zai iya, domin yana sa ta riƙe ruwa. Amma ɗanyensa yana ƙona shuka, yana kuma iya kai cuta har cikin kwanon abinci. Abu biyu ne ke raba shi da wannan haɗarin: zafi da lokaci.

Me ke cikin ɗanyen taki?

Hanjin dabba, ko da lafiyarta ƙalau, gida ne na ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Kaji suna yawan ɗauke da Salmonella da Campylobacter, masu jawo gudawa da amai da zazzaɓi. Shanu da tumaki da awaki kan ɗauki wani nau'in E. coli da ake kira O157:H7, wanda ba ya damun dabbar da komai, amma a jikin mutum yana sa gudawa mai jini, a jikin ƙananan yara kuma yakan kai ga lalata ƙoda. Kashin 'yan maruƙa yakan ƙunshi Cryptosporidium. Waɗannan ƙwayoyin suna iya rayuwa makonni, wani lokaci watanni, a cikin kashi da ƙasa mai laima.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da rashin lafiya kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 suna mutuwa. Afirka ce ta fi jin jiki idan aka dubi yawan jama'arta: sama da miliyan 91 masu kamuwa, 137,000 masu mutuwa. Ba duka ne daga lambu ba, amma ganyen da ake ci ɗanye yana cikin hanyoyin. Ko ƙasashe masu tsauraran dokoki ba su tsira ba. A 2006 a Amurka, ganyen sifinaci da aka noma a California kusa da wurin kiwon shanu ya kwantar da kimanin mutum 200, uku suka rasu.

Kashin kaji yana da tasa matsalar daban. Kaza ba ta fitsari dabam, komai tare yake fita, farin da ake gani a kan kashin shi ne madadin fitsarin. Shi ya sa sinadarin naitirojin ɗinsa ya ninka na kashin shanu sau biyu ko uku, shi ya sa kuma manoma ke cewa yana da “zafi”. Idan ya jiƙe sai ya saki amoniya, warin nan mai hawa kai da ake ji a akurkin da aka daɗe ba a share ba. Amoniya da gishirin da ke cikin kashin su ne ke ƙone saiwar dashe, ganye ya yi rawaya daga gefe, shukar ta langaɓe kamar ba a ba ta ruwa ba. Kashin tantabara da na zabi duk hukuncinsu ɗaya.

Bushewa daban, ruɓewa daban

Nan ne aka fi yin kuskure, musamman a ƙasashen Sahel. Mutum zai sayi buhun kashin kaji da ya bushe ƙayau, ba wari, ya ɗauka ya nuna. Rana ta ƙafar da ruwansa ne kawai. Ƙwayoyin Salmonella suna jure fari sosai, kuma sinadaran da ke ƙona shuka suna nan a kwance. Ranar da aka zuba shi a fangali aka yi ban ruwa, ranar zai fara aikin da bai yi ba: ya ɗau zafi, ya yi wari, ya tara ƙudaje a gindin shukar. Haka busassun ƙwallayen kashin awaki da aka share daga turke, ko tulin da ake bari a kasuwar raguna bayan Babbar Sallah. Duk ɗanye ne a wajen lissafi, har sai an jiƙa shi an bar shi ya ruɓe.

Takin da ya nuna ana gane shi da ido da hanci. Launinsa ya koma baƙi-baƙi, yana marmashewa a hannu, ba a iya gane wannan kashi ne wancan kara ne, ƙanshinsa kamar na ƙasa bayan ruwan farko, kuma ko an jiƙa shi an juya ba ya sake ɗaukar zafi. Mai son ya tabbatar sai ya cika gwangwani biyu, ɗaya da ƙasa zalla, ɗaya da ƙasa haɗe da takin, ya shuka ƙwayar wake ko alayyafo a kowanne. Idan na takin ya ƙi tsirowa ko ya fito a tsumbure, a ƙara masa lokaci.

Ƙa'idar kwana 90 da kwana 120

Ma'aunin da aka fi kafa hujja da shi ya fito ne daga dokar noma ba tare da sinadarai ba ta ma'aikatar gona ta Amurka. Dokar ta ce idan za a yi amfani da ɗanyen taki, a cuɗa shi cikin ƙasa aƙalla kwana 120 kafin girbin amfanin da abin cinsa ke taɓa ƙasa, ko kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. A rukunin farko akwai salati, kabeji, karas, albasa, alayyafo, lansir, kokwamba da kankana. A na biyu akwai masara, kuɓewa, da itatuwa irin su zogale da gwanda. Tumatirin da aka bari yana rarrafe a ƙasa, kamar yadda aka saba a garake da yawa, na rukunin farko ne.

Idan aka ɗora wannan lissafi a kan abin da ake nomawa a gida, magana ta fito fili. Alayyafo ana fara yankansa cikin mako uku zuwa huɗu. Salati bai fi wata ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Ke nan babu ranar da za a watsa ɗanyen kashi a kan waɗannan bayan shuka a ce an cika ƙa'ida. Amma abin da ake yawan yi ke nan. Masu bincike na cibiyar kula da ruwa ta IWMI sun nuna cewa a lambunan birnin Kumasi, kashin kajin da ake barbaɗawa kan salati tun bai ruɓe ba yana cikin abubuwan da ke gurɓata ganyen, baya ga ruwan ban ruwa. Ruwan da ake shekawa daga sama ne ke fantsama ƙasa da kashi zuwa cikin ganye.

Yadda ake dafa taki a tsibi

Hanyar da ta fi sauri ita ce haɗa abin da ake kira kwampos. Ana neman wuri mai inuwa, nesa da madafa da wurin wasan yara, nesa kuma da rijiya. Mita 30 ne tazarar da aka fi ba da shawara, kuma tsibin ya kasance ta gangaren rijiyar, kada ruwansa ya kwarara zuwa gare ta. A gidan haya mai ƙunci inda wannan tazara ba za ta samu ba, gara a yi shi cikin tsohuwar tano ko durom da aka huhhuda, a ɗora kan dakali.

Kashin kaji shi kaɗai ba ya dahuwa da kyau, caɓewa yake yi yana wari. Sai an haɗa shi da busasshen abu: ƙaiƙayi, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, busasshen ganye, yankakken kara ko dusar katako. Bokiti ɗaya na kashi, biyu ko uku na busasshen abu, hawa-hawa, ana yayyafa ruwa a kowane hawa. Wanda ya sayi sharar gidan kaji da ta riga ta gauraya da dusar katako, ya rage abin da zai ƙara. Laimar da ake so ita ce idan aka damƙi takin a matse, ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu su fito. Tsibin ya kai mita ɗaya a tsawo da faɗi da tsayi, domin ƙarami ba ya riƙe zafi.

Cikin kwana biyu zuwa huɗu zai ɗau zafi. Abin da ake nema shi ne digiri 55 zuwa sama a ma'aunin Salshiyos. Dokar Amurkar nan ta ce tsibin da ake juyawa ya zauna a wannan zafi kwana 15, a juya shi sau biyar a cikinsu. Dalilin juyawar shi ne tsakiya ce ke dahuwa, gefe yana nan da sanyinsa da ƙwayoyinsa, sai an mayar da na waje ciki. Mara ma'aunin zafi ya soka adda ko rodi har tsakiya, ya bar shi minti goma. Idan ya zaro ƙarfen da ƙyar hannu ke jure riƙe shi, aiki na tafiya. Idan da sanyi, ko ruwa ya yi kaɗan, ko kashin ya yi kaɗan. Idan warin amoniya ya yi yawa, a ƙara busasshen abu. Zafin nan kuma shi ke kashe irin ciyawar da ke fitowa lafiya lau daga cikin jaki da saniya.

Bayan zafi ya sauka, a bar tsibin ya huta wata ɗaya da rabi zuwa biyu. Daga ranar da aka rufe haɗi kada a ƙara sabon kashi a kai, in ba haka ba lissafi ya koma farko. Sharar kullum a buɗe mata tsibi na biyu. Wanda ba shi da ƙarfin juyawa yana iya tarawa ya jiƙa ya rufe ya bari, amma fa wata shida zuwa shekara, kuma ya fi kyau ya cuɗa shi cikin ƙasa tun kafin shuka.

Wata al'ada da ya kamata a gyara ita ce zuba toka kan ɗanyen kashin kaji don kashe wari. Toka tana korar naitirojin ya tashi a iska, wato abin da aka sayi takin dominsa. A ajiye ta, a zuba wa ƙasa dabam.

Yanayin ƙasa yana canza dabara. A arewacin Kamaru da Cadi da Nijar, abokan gaba su ne rana da iskar hunturu masu busar da tsibi, don haka rami mara zurfi da rufin zana ko tsofaffin buhuna sun fi, ana kuma ƙara ruwa duk lokacin juyi. Mai shirin noman rani na Oktoba ko Nuwamba sai ya haɗa nasa tun Yuli, ya ci moriyar damina. A Douala da Cotonou kuwa ruwa ne ke yawa. Rami zai zama tafki, don haka a yi tsibi bisa tudu a rufe da leda ko kwano, a bar gefe iska na shiga.

Wanda ba a sawa ko kaɗan

Kashin kare da na kyanwa ba sa shiga lambun abinci. Na kyanwa yana ɗauke da Toxoplasma, mai haɗari ga ɗan da ke cikin mai juna biyu, na kare kuma da ƙwan tsutsotsi. Na alade, wanda ake sayarwa a garuruwan kudu, yana da ƙwan tsutsar ciki masu shekaru a ƙasa ba su mutu ba. Bayan gidan mutum shi ne hanyar taifot da kwalara, kuma tsibin gida bai isa ya tsarkake shi ba.

Haka nan kashin kajin da ke mutuwa ba a san dalili ba. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 ta bayyana a Jaji ta jihar Kaduna a Fabrairun 2006, cikin makonni kaɗan aka tabbatar da ita a Magaria ta Nijar da Maroua ta Kamaru, kuma ta sha dawowa yankin tun daga nan. Ƙwayarta tana fita cikin kashi, buhun taki kuma yana tsallaka iyaka kamar yadda kaza ke tsallakawa. Idan an sanar da ɓarkewarta a wani yanki, a daina sayen taki daga can, a kuma kai rahoton mace-macen kaji ga ma'aikatan dabbobi. Mushe ba ya shiga tsibi.

Ruwan taki, wato kashin da ake jiƙawa a durom a tace, shi ma ɗanye ne idan da ɗanyen kashi aka yi shi. A gindin itace ko masara yana da amfani. A kan ganyen da za a ci, a'a.

Yawan da ake zubawa, da kariyar mai aiki

A fangali mai mita ɗaya faɗi da tsawo, kilo biyu zuwa uku na ruɓaɓɓen takin shanu ko na awaki ya wadatar, na kaji kuwa kusan kilo ɗaya. A cuɗa shi da ƙasar sama da fartanya, a yi ban ruwa, a jira mako ɗaya ko biyu kafin dashe. Wuce kima yana sa tumatir ya yi ta ganye ba 'ya'ya, albasa ta yi ƙaton wuya ta ƙi ajiyuwa, kuma gishiri ya taru a ƙasar buhu da ta tukunya.

Mai aikin ya sa takalmi da safar hannu, ko ya ɗaura leda, ya rufe duk wani rauni, domin ƙwayar tetanus tana zama cikin kashin dabbobi da ƙasar da aka taka da shi. Kafin share akurki a yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, a kuma rufe hanci. Bokitin taki kada ya zama na ɗibar ganye ko ruwan sha. Masu juna biyu su bar wa wasu sharar turken awaki da tumaki, musamman lokacin haihuwar dabbobin. Bayan aiki a wanke hannu da sabulu, wankin alwala kaɗai bai isa ba a nan.

Ganye kuma a cire na waje, a wanke sauran ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai tsabta. Wanki da ruwan javel ko binega yana rage ƙwayoyin cuta, amma ba ya kawar da waɗanda suka maƙale a lungun ganye. Inda ake shakkar takin da aka yi amfani da shi, ganyen ya shiga tukunya, kuma ɗanyen salatin kada ya je kwanon yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tsofaffi da marasa lafiya.